Na ƙirga buhunan shagon Baba, yanzu Yaya da ƙyar yake amsa gaisuwata

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Garwa ne, ina shekara ta biyu a sashen kasuwanci da gudanarwa a wata jami'ar gwamnati a nan arewacin Kamaru. Mahaifina yana da shagon kayan masarufi, shinkafa da sukari da man girki da sabulu. Yayana ne ke zama a ciki tun da ya bar makaranta. Ni kaɗai na kai jami'a a gidanmu, kuma Baba ne ke biyan komai nawa.

A hutun da ya wuce na ce bari in gwada abin da muka koya. Na ƙirga kayan shago, na haɗa da takardun saye da kuɗin da ke akwati, sai na ga giɓi mai yawa. A gaban Baba da yaran shago na ce kuɗi na ɓacewa. Yaya ya tashi ya fita, tun ranar gaisuwa ma da ƙyar. Baba ya ce in rufe kwamfutata, ya fi shekara talatin yana kasuwa ba da ita ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba, na faɗi darussa biyu a zangon farko, kontabilite (wato ajiye littattafan lissafin kasuwanci) da lissafin kuɗi, amma na ce wa Baba na ci. Faransancin malamai yana yi min nauyi, ɗakin lacca a cike yake, wanda ya zauna baya ba ya jin komai. Yanzu Baba ya ce in na ga dama in bar bokon in dawo, zai buɗe min nawa shagon. Abokan tasowata sun yi aure, suna da babura, ni kuma ina roƙon kuɗin kwafin takardu. Zuciyata ta rabu biyu. Me zan yi?

Ɗanka, daga Garwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba zan yi maka kwana-kwana ba: ra'ayina ka ci gaba da karatunka. Amma kafin mu je can, akwai mutumin da ya tashi ya fita daga shago, shi ne ya fi tsaya min a rai.

Ka sake jin maganar taka da kunnen Yayanka. Shi ke buɗe shagon nan da sassafe, shi ke rufewa, makulli na aljihunsa, akwatin kuɗi na gabansa. Ƙanensa ya zo hutu, ya ƙirga buhuna, ya ce kuɗi na ɓacewa, a gaban mahaifinsa da yaran da yake aika. Na yarda ba ka kira sunansa ba, na kuma yarda ba sata ka nufa ba. To, wa za a kalla in ba shi ba? Ɗan kasuwa da amanarsa yake cin abinci, kuma maganar da aka yi a gaban yaran shago ba ta kwana a shago, kafin la'asar ta isa teburin mai shayi.

Shi kansa lissafin naka ina da ja a kansa. Akwatin kuɗin shagon gida shi ne aljihun gidan gaba ɗaya. A ciki ake ɗibar cefane kowace safiya. A ciki ake sayen maganin Inna, a biya wa ƙannenka kuɗin makaranta, a kai gudummawar suna da ta biki, a miƙa wa almajiri ranar Juma'a. Akwai mai ɗan tebur a unguwa da ke ɗaukar katan ɗin sabulu ta biya bayan mako, babu takarda, sunanta da bashinta suna cikin kan Yaya. Akwai buhun sukarin da lema ta taɓa da damina aka karyar da shi, akwai gyaran da ake yi wa tsohon abokin ciniki a bakin mudu. Sannan akwai kai. Sefa 50,000 na rajistar jami'a duk shekara, hayar ɗakinka, da abin da ake turo maka ta Orange Money ko MoMo, daga ina kake tsammani suke fitowa? Wani yanki na giɓin da ka gano kai ne ka cinye shi, da halal ɗinka, kuma hannun Yaya ne ya ƙirgo maka.

Darasinku ma ya san da wannan. A tsarin lissafin OHADA, wato na ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka da dama har da Kamaru, da ake koya muku akwai asusu mai lamba 104, na mai dukiya, inda ake rubuta abin da ya ɗiba don kansa da iyalinsa. Akwai 411, na masu saye, inda bashin da ke waje yake zama. Wanda ya bar waɗannan biyun babu komai, ya gwada kaya da kuɗin akwati kawai, dole ya ga rami ko da shagon waliyyi ne. Mai binciken lissafi na ƙwarai yakan ja mai akwati gefe ya tambaye shi: wannan fa, ina ya tafi? Ban ce ba za a iya samun ɓarna ba, shagon da ba a rubutu yakan ɓoye ɓarna shekara da shekaru, sau da yawa ma ba da nufin kowa ba. Amma a ranar ba ka da hujja a hannu, kuma shagon ba naka ba ne.

Saboda haka ka fara da shi. Ka same shi shi kaɗai, bayan isha'i, a gida. Ka durƙusa ka ce: Yaya, na yi magana a kan abin da ban gama ganewa ba, ka yafe min. Kada ka biyo da "amma". Kuma tun da a gaban mutane ka yi ɓarin, a gabansu za ka kwashe. Ka nemi rana a shago, Baba na zaune, yaran na nan, ka faɗa da bakinka cewa lissafinka ne bai cika ba, domin ba ka sa cefane da bashi da kuɗin makarantarka ba. Zai yi maka nauyi na minti kaɗan. Idan Yaya bai sake fuska nan da nan ba, kada ka yi fushi, ka ci gaba da gaishe shi safe da yamma, ka kama masa sauke kaya in mota ta zo. Ina zargin ciwon nasa ya girmi ranar nan. Shi ya zauna a shago, kai ka tafi jami'a da kuɗin da shagon ke kawowa, kuma mai yiwuwa babu wanda ya taɓa ce masa sannu a kan haka. Kai ka zama na farko.

Baba kuwa, kada ka ɗauki maganarsa raini ga ilimi. Wanda ya fi shekara talatin a kasuwar Garwa ya ga watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, kayan waje suka tashi, jarin mutane da yawa ya narke. Ya ga Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har ƙarshen 2020. Ya ga naira ta sulale bayan Yunin 2023, daga wajen 460 a dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957 ba ta motsi, farashin kayan da ke shigowa ta Mubi da Yola ya rikice. Duk wannan ya wuce shagon na tsaye, yana ciyar da gida. Abin da ake zana muku a allo da sunan haɗarin canjin kuɗi, Baba da Yaya a waya suke warware shi da ɗan canji kafin ka gama karin kumallo. Kuma yana da idon ganin masu lisansi, wato digiri na farko, da ke yawo da takardu a ambulan, wasu sun koma haya da babur. Shakkarsa tana da tushe. Tayin shagon da ya yi maka kuwa, ni ƙauna na gani a ciki, da dabarar uba mai son raba 'ya'yansa biyu da rigima ta hanyar ba kowa nasa wuri.

Yanzu ga wadda ka ɓoye, kuma ina so ka saurare ni da kyau. Ina jin rabin sha'awar barin makarantar daga nan take. In ka karɓi tayin Baba yau, maganar darussa biyun nan ta binnu, babu wanda zai sake tambaya. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Shekaru za su wuce kana bayan kantar shago, kana sane cewa kunya ce ta dawo da kai gida, ba zaɓi ba, kuma irin wannan yakan fito daga baya a matsayin ɗaci ga Baba ko ga Yaya, su da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ballantana ramin ƙarya ƙurarre ne: sakamako a allo ake liƙawa, kuma ba kai kaɗai ne ɗan Garwa a makarantar ba. Gara ya ji daga bakinka. In kana tsoron fuskarsa, ka fara gaya wa Inna, ko ka nemi amininsa ko kawunka ya zauna tare da ku. Ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ka ce tsoron ɓata masa rai ne ya sa ka, ka nemi gafara, ka yi shiru ya yi faɗansa ya gama. Faɗan zai fi yawa a kan ƙaryar fiye da faɗuwar, kuma yana da gaskiya.

Bayan ya huce ka yi masa bayanin yadda abin yake, domin mai yiwuwa shi a ganinsa faɗuwa na nufin shekara ta tafi a banza. A tsarin LMD (lisansi, masta, dokta) da jami'o'inmu ke bi, lisansi zango shida ne, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Darasin da ka ci da maki 10 cikin 20 ko sama ya zama naka, ba a ƙwacewa. Wanda ka faɗi akwai jarrabawar gyara. Ka je ofishin sashenku da kanka ka tambayi ranar gyaran da sharuɗɗan wucewa aji na gaba, kada ka dogara da abin da ɗalibai ke faɗa a bakin masallaci ko a zauren WhatsApp. Sai ka nemi Baba ya ba ka wa'adi: zuwa ƙarshen wannan shekarar karatu, za ka kawo masa takardar sakamako ta ainihi ya riƙe a hannunsa, wanda ya iya Faransanci ya karanta masa. In ka gyara, ka ƙarasa shekara ta ukun. In abin ya ƙi, ku sake zama. Ɗan kasuwa yana gane magana mai wa'adi.

Darussan biyu da suka kayar da kai suna da hali ɗaya: ba a koyonsu da kunne. Wanda ya zauna a sahun gaba ma, in bai ɗauki biro ya yi aikin da hannunsa ba, zai faɗi. Don haka cikar ɗakin lacca ba ta kai yadda kake tsoro ba, ko da yake ina ba ka shawara ka riƙa sammako bayan asuba ka kama wuri. Inda ake samun kontabilite shi ne ajin TD, wato ajin atisaye, da tsofaffin takardun jarrabawa. Ka nemi na shekarun baya wajen 'yan aji uku, ka riƙa yin ɗaya kullum, littafi a rufe, agogo a gabanka. Kada ka yi wasa da gwajin tsakiyar zango, makinsa, wanda ake kira CC, yakan ɗaga mutum ko ya ja shi ƙasa tun kafin babbar jarrabawa. Ku haɗa ƙungiya ta mutum uku ko huɗu, kada ta wuce haka ta zama majalisar hira. Kowa ya tashi ya bayyana wa sauran darasi da Hausa ko Fillanci ko Larabcin 'yan uwanmu na Cadi da ke karatu tare da ku, sannan ku mayar da shi Faransanci a rubuce. Abin da ba ka iya faɗa da harshen gida ba, ba ka gane shi ba tukuna, hadda kawai ka yi. Faransancin lissafi kuma kalmominsa ƙididdigaggu ne, suna ta maimaituwa. Ka ware ɗan littafi, duk kalmar da ta tsaya maka ka rubuta ta da misali daga shagonku. 'Ya'yan ma'aikatan da kake ganin sun fi ka, harshen suka riga ka samu a gida. Da yawansu ba su taɓa ganin yadda ake sayen kaya bashi a sayar a biya ba, kai kuwa a cikinsa ka tashi.

Ilimin naka zai shiga shagon, amma ta ƙofar da Baba ya riga ya yarda da ita, kuma ƙofar nan ita ce zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɗan kasuwar da ke juya kaya kullum yana da wata guda a shekara da yake kimanta kayan shagonsa da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in, wato 2.5 cikin ɗari. Ka duba da kyau, wannan ƙidayar kaya ce ta ƙarshen shekara, irin wadda ake koya muku, sai dai ita Baba ba zai ce a rufe littafi ba, domin hakkin Allah ce. Ka tambaye shi watan da yake fitarwa, ka roƙi alfarmar ka riƙe biro, Yaya na faɗin farashi, malaminsu na warware abin da ya shige duhu. A zama ɗaya za ka ji sunayen masu bashi, ka san kayan da ke gudu da waɗanda suka kwanta, ba tare da ka tuhumi kowa ba.

Daga nan, in an saki jiki da kai, ka kawo abu ɗaya tak: littafin bashi, na takarda, irin na 'yan makaranta. Suna, rana, kaya, abin da aka biya, abin da ya rage. A rubuta da rubutun da Baba ke karantawa, ko ajami ne. Littafin ya zauna a hannun Yaya, shi ke rubutawa, kai mai taya shi ne in ka zo hutu. Ranar da wani ya yi gardamar bashi Yaya ya buɗe shafi ya nuna masa, ba sai ka sake yi wa kowa wa'azin amfanin rubutu ba. Bayan wannan ya zauna sai littafi na biyu, na abin da ake ɗiba don gida, kuma layin farko a ciki ya zama kuɗin da ake turo maka. Kwamfuta ta jira. Dokar lissafin OHADA da ta fara aiki a farkon 2018 ita kanta ba ta ɗora wa ƙaramin ɗan kasuwa manyan littattafai ba; wanda cinikinsa na saye da sayarwa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba, an yarda masa da sassauƙan tsari na shiga da fitar kuɗi. Kuma ga riba a gefe: lokacin neman horon aiki kowa zai ruga da takarda ƙofar kamfanin auduga na SODECOTON da bankuna, wurare kaɗan, masu nema tuli. Ka nema kai ma, amma ka tambayi malaminka ko zai karɓi rahoto a kan shagon kayan masarufi na gaske mai littattafan da kai ka taimaka aka kafa.

In kuwa nisa da tsadar zama ne suka fi damun gidan, akwai hanyoyi tsakanin zama da bari. Kafin 1993 jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar nan, sai mutum ya tafi Yawunde. Yau akwai Ngaundere tun 1993, Marwa tun 2008, Garwa kanta ta samu tata a 2022. In ba a gida kake karatu ba, ka binciki yadda ake canja wuri da kiredin da ka tara, ka kwana gida ka huta da haya, ka riƙa zama shago ranar Asabar. Akwai kuma BTS, karatun shekara biyu da ya fi karkata ga aikin hannu, sai dai yawanci a makarantu masu zaman kansu ake yi, kuɗinsu ya ninka na gwamnati sau da yawa, kuma kai da ka riga ka ci rabin lisansi ban ga dalilin komawa baya ba.

Maganar abokanka da auren da baburan ba zan daɗe a kanta ba. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage maka, kuma shagon da Baba ya yi maka alkawari ba guduwa zai yi ba. Ka ma iya roƙonsa ya ajiye maka tayin har ka gama.

Idan wa'adin ya cika, ka yi iya ƙoƙarinka, ka ga zuciyarka kasuwa take so, to ka dawo da kai a ɗage, kasuwa sana'ar Manzon Allah ce, tsira da aminci su tabbata a gare shi, babu abin kunya a cikinta. Amma ka yi istihara, ka yi shawara da Inna, kuma kada ka bar makarantar sai ka karɓi takardun sakamakonka na kowane zango da hatimi a kai, ka adana su wuri ɗaya da takardar bakaloriyarka, domin mutum yakan so komawa bayan shekaru. Ku kuma yi magana a fili tun farko, Yaya na zaune, a kan jarin da za a ba ka: kyauta ne, bashi ne, ko haɗin gwiwa, kuma daga wane aljihu zai fito. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ka sa'ar gyaran. Ka rubuto min in sakamako ya fito.

Kawunka